Teburin da Na Kai wa Baba

Ba zan taɓa mantawa da teburin nan ba, ko na so ma mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Zamanin Faransa ne, ina sabon komi, wato akawu, a wani kantin sayen gyaɗa a Magarya. Na gama lakwal ke nan, wato makarantar boko, kaina ya kumbura, ina tafiya kamar ƙasar ma ni aka shimfiɗa wa.

Baba bai taɓa son karatun nan ba, dole aka yi masa. Kullum na je gida sai ya ce, "To, me suka koya maka ban da gajeren wando?" Maganar tana ci mini rai. Sai na ƙudura in kai masa abin da zai gani da idonsa ya yaba.

A ƙofar gidan kumandan, Baturen mulki, na ga wani gajeren tebur ƙarƙashin bishiya, an rufe shi da farin ƙyalle, suna shan gahawa a kai. Na ce shi ke nan. Bayan kantinmu akwai tarin akwatunan katako da ake kawo sabulu da kananzir a ciki. Na roƙi guda huɗu, na aro zarto da guduma, na ɓaɓɓalle su, na miƙe tsoffin ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Da yake gidanmu da yawa muke, na yi shi dogo, tsawon mutum. Katako bai isa ba, sai na jera shi da ƴar tazara. (Ku lura, har nan ban ga komai ba. Shekara shida a lakwal.)

Ranar Lahadi na ɗora buta, da kan sukari biyu, da naɗaɗɗiyar tabarma a kai, na rufe da farin alawayyo, na ɗaure tam da igiya. Na samo ƴan dako biyu suka ɗauka a ka, ɗaya gaba ɗaya baya. Ni kuwa na wuce gaba, na ɗaure fuska irin ta manyan ma'aikata.

Abin da ban kawo a raina ba shi ne, Baffa Ila, ƙanen Baba, yana kwance gidan likita a Magarya kwana tara, kuma duk gari an sani.

Muna shiga gonakin garinmu, wani ya yar da fartanya ya zo ya karɓi ɗan dakon gaba. Wani ya karɓi na baya. Kafin mu kai rijiya mutane sun fi ashirin, kowa ya ɗauka ƴan taku sai ya ba wani, ba mai cewa uffan. Wallahi daɗi na ji. Na ce a raina, ashe sun fara sanin darajar ɗan lakwal.

Sai na ga ba su nufi gidanmu ba, sun karkata wajen masallaci. A lokacin na ji kuka ya ɓarke daga gidan Baffa, muryar matarsa Inna Hajo a sama. Na waiwaya na dubi teburina da kyau, karo na farko. Makara ce sak, har da mamaci a kai.

Nan ne ya kamata in yi magana, kuma nan ne kunyar tawa take. Na bi su sumum har aka sauke a gaban Liman.

Baba ya fito yana dogara sanda, idonsa jawur. Ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Allah ya yi maka albarka da ka kawo mini ɗan'uwana gida. Yaushe ya cika?"

Na ce, "Baba, tebur ne."

"Mene ne?"

"Tebur. Na shan shayi. Baffa yana nan da ransa, jiya ma ya sha fura."

Liman ya kwance igiyar da kansa, ya ɗaga alawayyon. Buta ta gangaro ƙasa. Da ma dariya aka yi da na ji sauƙi, amma ba wanda ya yi. Baba ya saki hannuna a hankali, ya ce, "Je ka gaya wa Hajo da bakinka." Na tarar ta suma an yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, na durƙusa ina bayani, mata suna kallona. Har ta bar duniya ba ta sake kiran sunana ba, sai "mai makara".

Liman ya zagaya teburin, ya danna shi da hannu, ya ce, "Aikin dai ya yi ƙarfi. Tamu ta tsufa, a bar mana wannan." Aka yanke ƙafafun aka jingine shi a bayan masallaci.

Baffa ya warke ya dawo da ƙafarsa, ya daɗe yana tsokanata. Baba kuwa ko sau ɗaya bai sha shayi a teburin nan ba, amma da lokacinsa ya yi, a kansa muka kai shi, ina riƙe da gaba. Tun daga nan, in zan kai wa mutanenmu baƙon abu, sai na fara aika labari, kuma ba na rufe shi da farin ƙyalle.