Kamshaf ɗin Motar Tsere

A shekarun da gyaɗa ke da daraja, ina jigila da wata tsohuwar akori-kura tsakanin Gaya da Ajingi. Lafiyarta lau, ni ne dai na ga gudunta bai dace da mutum irina ba. Na je Kano neman sabon kamshaf, sandar nan ta cikin inji da ke buɗe bawul. Mai shago ya nuna min wani, ya ce daga motar tseren wani Bature aka ciro shi. Ban bari ya ƙarasa magana ba na saya.

Ranar kasuwar Ajingi na sa surukina a gaba, buhunan gyaɗarsa a baya. Ina tayar da inji, motar ta kama kakkarwa kamar mai zazzaɓi.

Ya dafe hularsa ya ce, "Malam, lafiya?"

Na ce, "Baba, ƙarfi ne ya yi mata yawa."

Ashe abin sai a kan kwalta, da gudu, yake aiki. Muna shiga yashi ta mutu murus. Baba ya sauka, ya roƙi wani mai jaki ya kai shi kasuwa. Ni da gyaɗar muka isa bayan kasuwa ta watse.

Har ya bar duniya, in na ce in rage masa hanya, sai ya ce, "Allah ya yi albarka, yau sauri nake yi."