Rabin Aski a Filin Tsafe

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Laraba a filin ƙwallon Tsafe ba, ko da ma na so mantawa mutanen unguwarmu ta Damba ba za su bar ni ba. Har gobe idan na shiga shagon aski sai an samu wanda zai ɗago kai ya ce, "Malam, duka za a yi ko rabi?"

Ƙanena Nafi'u ne silar komai, ko da yake shi bai yi laifin komai ba. Shi ne autanmu, yana karatu a wata kwaleji a nan Gusau wadda ni ma ita na gama, kuma shi ke saka lamba tara a ƙungiyar ƙwallon makarantar. Inna ba ta taɓa son harkar ba. Ni na zaunar da ita na yi ta lallashi, na ce yaron nan yana da ƙafa, a gasar kwalejoji ake zaɓar 'yan wasan da za su yi gaba. Ta ce to, ta bar shi a hannuna.

Sai ga shekarar da 'yan gabanmu suka ɓata da raga. 'Yan bayanmu ba a wuce su, golanmu kuwa ko ƙuda ya zo sai ya cafke. Amma daga tsakiyar fili zuwa gaba, sai addu'a. Za su ɗauko ƙwallo tiryan-tiryan, su yanke wannan su yanke wancan, mu miƙe tsaye riƙe da numfashi, sai a ɗaga ta sama ta faɗa gonar mutane. Wasa bayan wasa ana tashi canjaras babu ci. A majalisarmu ta wurin mai shayi kowa ya zama koci. Wannan ya ce tsarin ne ba daidai ba, wancan ya ce 'yan tsakiya ne ba sa ba da ƙwallo, wani ya ce a nemi malamai. Ni dai ina zaune ina juya cokali, domin na san inda maganar ke ƙarewa kullum.

Alhaji Sani mai taya ne ya ƙarasa ta wata rana. Ya kalle ni ya ce, "Malam, a faɗi gaskiya, ƙanen nan naka ko an cire gola an bar mishi raga, turke zai nema ya buga."

Aka kwashe da dariya. Ni kuwa ina da wani hali (matata ta ce ciwo ne), ba na iya haɗiye magana. Na ajiye kofi na cire hula na ce, "Wallahi tallahi, aska ba za ta sake taɓa kan nan ba sai Nafi'u ya ci ƙwallo." A zuciyata lissafin wasan mako mai zuwa nake yi. Bashir, shugaban magoya bayanmu, ya ce, "Kowa ya shaida?" Aka ce an shaida.

Mako mai zuwa ya zo ya wuce, na bayansa ma haka. Ni kuma Allah Ya yi ni cikin masu sumar da ke tashi kamar ciyawar damina. Hula ta daina zama. A masallaci ina yin sujada sai ta riga ni isa ƙasa. Ina koyarwa a wata firamare a Kekun Waje, hedimasta ya fara yi mini kallon da ake yi wa wanda ake tunanin kai wa gidan mai ruƙiyya. Matata ta ajiye mini abinci wata rana ta ce, "Baban Ilham, mai kitso za ta zo gobe, in ce ta fara da kai?" Inna ma ta kira ni ɗaki ta tambaye ni a hankali ko akwai abin da ke damuna.

Akwai kuwa. Koci ya riga ya gaya wa Nafi'u cewa wasan da za a yi da wata kwaleji a Tsafe shi ne damarsa ta ƙarshe. Idan bai ci ba, akwai sabon ɗalibi a benci yana jiran rigar. Tun da na ji haka tuwo ya daina yi mini daɗi. Na ga hanya ɗaya ce ta rage in taimaka masa, wato ƙarfafa gwiwa. Duk yammacin da suke atisaye sai in je in tsaya a bayan raga, da ya ɗauko ƙwallo sai in cire hula in nuna masa kaina da yatsa, don ya san yana da ɗan'uwa mai sadaukarwa. (Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

Ranar wasa na shirya da maƙwabcina Ɗan'asabe mai aski, ya yi cajin injinsa ya cika, ya ɗauko ƙyallen da yake ɗaura wa mutane a wuya. Niyyata a yi askin a bakin fili, a gaban Alhaji Sani, ƙwallo na shiga raga. Ɗan'asabe bai san komai a ƙwallo ba, shi ɗan kallon dambe ne. Ya ce shi dai in na ce aske zai aske.

Sai hedimasta ya kira taron malamai bayan an tashi. Ya yi ta bayani a kan tsaftar makaranta (ina jin da ni yake), ni kuwa sai duba agogo nake yi. Ana shafa fatiha na haye babur zuwa Bungudu, na samu mota zuwa Gusau, na tarar da Ɗan'asabe a tasha, muka zauna a motar Tsafe ana jiran cikon mutum ɗaya da ya ƙi zuwa. Direba yana ta faɗa cewa shi ba zai bari yamma ta yi masa a hanyar nan ba. Wayata ta yi ta ƙara, na duba na ga Bashir ne. Na ƙi ɗauka. Ina tsoron in ji an ce an fara wasa da Nafi'u a benci, ko an ba shi fenareti ya zubar. Ya kira ya sake kira, na tura wayar can ƙasan aljihu.

Muna isa an riga an dawo daga hutun rabin lokaci. Ban tsaya neman mutanenmu ba, na ja hannun Ɗan'asabe muka kutsa ta inda muka fara samun kafa. Jama'a maƙil, ni ga ni gajere, ga rana a ido. Na yi ɗage na hango korayen riguna, irin namu sak, waɗanda mu magoya baya muka je da kanmu muka zaɓo a kasuwar Gusau. Kuma abin mamaki, kai hari suke yi. Wannan ya ba wancan, wancan ya mayar, babu inda-inda. Na ce a raina yau yaranmu sun ci tuwo. Sai aka ɗago ta daga gefe, wani dogo siriri da ya juya mini baya, da lamba tara ɓaro-ɓaro a rigarsa, ya tashi sama ya sa mata kai. Raga ta girgiza.

Gefen da muke ya ɗauki sowa gaba ɗaya. Har na ce a zuciyata kai, mutanen Tsafe akwai karamci, dubi yadda suke taya baƙi murna. Na cilla hulata sama, ban ma ga inda ta faɗi ba. Na ture mutane na fita bakin layi na zauna dirshan a ƙasa na ce, "Ɗan'asabe, bismillah."

Ya ɗaura mini ƙyalle, ya kunna inji, ya ɗora daga goshi ya ja har ƙeya. Iska ta bugi tsakiyar kaina, na ji wani sanyi da na daɗe ban ji ba. Masu kalangu suka gan mu suka zagaye mu, matasa suna tafi suna ɗaukar mu a waya, ni kuma ina dukan ƙirji ina cewa, "Na gaya muku. Jininmu ne, jininmu ba ya ƙarya." Ɗan'asabe ya gama da tsakiya ya gangara ɓangaren dama.

Wani dattijo mai farar riga da ke zaune a kan kujerar roba ya miƙo wuya yana murmushi. Ya ce, "Samari, wagga murna taka ta fi ta kowa. Kai ɗan wane gida ne a garin nan?"

Na ce, "Daga Gusau nake, Baba. Ni ne yayan mai lamba tara, ciki ɗaya."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya gyara zama. Ya ce, "Ikon Allah. Mai lamba tara dai ɗana ne, Lawali. Ni kuwa ban tuna na haife ka ba."

Kalangu ya yi shiru. Ba abin da ake ji sai kukan injin Ɗan'asabe a bayan kunnena. Kafin in haɗa maganar a kaina, ƙwallo ta fito waje ta gangaro kusa da ƙafata, wani ɗan wasa cikin koɗaɗɗiyar rigar rawaya marar lamba ya rugo zai yi jifa. Ya sunkuya zai ɗauka, muka haɗa ido. Nafi'u ne.

Ya ce, "Yaya?" Ya kalli kaina, ya kalli masu kalangun 'yan Tsafe da ke kewaye da ni, ya sake kallon kaina. Na ɗauka zai yi kuka, ni kaina kukan nake son yi. Sai ya fashe da dariya har ƙwallon ta suɓuce daga hannunsa, sai da alƙalin wasa ya hura masa usur.

Abin da ya faru ba wani abin mamaki ba ne, shi ne ma ya fi ƙona mini rai. Su ma 'yan Tsafe a shago ɗaya da mu suka sayi rigunansu. Kuma kowa ya san ƙa'idar filayenmu, in riguna suka zo ɗaya mai gida ke riƙe tasa, baƙo ya nemi aro. Sai aka aro wa namu rigunan wata ƙungiyar unguwa. Ni da bakina na sha bayyana wa mutane wannan ƙa'idar. Kiran da Bashir yake ta yi mini ke nan, don ya gaya mini masu rawaya ne namu, kuma mutanenmu suna zaune a tsallaken fili. Daga tsallaken nan kuwa sun ga komai, har ina hango Alhaji Sani ya riƙe ciki ya durƙusa.

Ɗan'asabe ya sunkuyo ya ce a hankali, "Malam, in ƙarasa?"

Ina zan ƙarasa, rantsuwa tana nan, Nafi'u bai ci ba. Wanda aka aske kuma ba ya mayuwa. Na nemi hula babu ita. Na ja ƙyallen askin na lulluɓe kaina kamar amarya, na ratsa mutane suna darewa suna dariya. Dattijon nan ya bi ni da cewa, "A gaida mutanen gida, ɗana."

Na samu bayan wata katanga na zauna a kan dutse. Kunyar kaina ba ita ta fi damuna ba a lokacin, wallahi. Tunanina shi ne na gama da yaron nan. An ci su, lokaci yana tafiya, ga yayansa ya yi rawa a gaban makaɗan abokan hamayya. Da wane ido zan kalli Inna in ce mata an karɓe rigar? Ina cikin haka na ji wata sowa, ba mai yawa ba, daga can nesa. Ban motsa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Na ce wa Ɗan'asabe ya je ya leƙo mini.

Ya dawo ya ce, "Wani mai rawaya ne ya ci."

Na ce, "Wanne daga ciki?"

Ya ce, "To ai duk ba su da lamba."

Haka na zauna har aka hura tashi. Can sai ga Nafi'u ya zagayo katangar, gumi sharkaf, Bashir da su Alhaji Sani suna biye da shi suna waƙa. Shi ya ci. An tashi kunnen doki, ɗaya da ɗaya, koci ya dafa kafaɗarsa ya ce rigar tasa ce. Na miƙe zan fara jawabin cewa ai ni na san za a rina, sai ya ja ni gefe.

Ya ce, "Yaya, don Allah kar ka ji haushi. Duk ranar da na samu ƙwallo a gaban gola, ba raga nake gani ba, sumarka nake gani a bayanta. Sai in tuna saboda ni kake yawo haka, ƙafata ta yi nauyi. Yau da na ga an riga an aske, kuma kowa kai yake kallo, sai na ji kamar an sauke mini buhu."

Duk tsayuwar nan da nake yi a bayan raga ina nuna kai, ashe ni ne golan da ya fi hana shi ci. Abin ya taɓa ni sosai, har na ji ƙwalla, sai na fake da cewa gashi ne ya faɗa mini a ido.

Na juya na ce wa Ɗan'asabe to yanzu ya halatta, a ƙarasa. Ya danna inji, shiru. Tun a bakin fili ya manta bai kashe shi ba, caji ya ƙare. Da rabin kai na shiga motar Gusau, sanye da hular Alhaji Sani da ya ba ni aro, wadda ta zauna daram a dama ta ƙi zama a hagu.

Yanzu idan na je kallo, kafin in yi tafi sai na tambayi na kusa da ni su wa ke sanye da me, kuma idan Bashir ya kira ina ɗauka ko a tsakiyar taron malamai ne. Na kuma gane cewa in kana son mutum ya yi gudu, kar ka ɗora masa kanka ya ɗauka. Ƙwallon nan da na tara wa suma ta makonni, har yau ban gan ta ba. Wasu sun ce da ƙafar hagu ya ci, wasu sun ce da dama. Na bi wayoyin mutane ina neman bidiyonta, duk wanda na tambaya sai ya ce bai ɗauka ba, amma yana da na askina idan ina so.