Rasuwar Ɗan Jawa, Mai Ɗaukar Hoton Kututture

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga hukuncin da babu mai tanka masa, ni Rabi'u mai gawayi na unguwar Hindawiyya, a madadin iyalina da ɗaukacin kututturan da ke kan dutsen Shafa, nake sanar da 'yan'uwa Hausawa mazauna Makka rasuwar akwatin ɗaukar hotona, wanda aka fi sani da Ɗan Jawa. Ya cika ne wata Laraba da hantsi cikin Shawwal na wannan shekara ta 1373 bayan Hijira, a kan soron gidanmu, yana hannuna. An jinkirta sanarwar ne don muna ta sa ran suma ya yi.

Ba mu san mahaifar marigayi ba. Wani alhaji Bajawe ne ya bar mini shi tukuicin jinyar da na yi masa sa'ad da zazzaɓi ya kayar da shi a Mina. Marigayi baƙi ne wuluk, mai ido ɗaya, da wuya mai naɗewa irin na zugazugin maƙera. Bai taɓa gulmar kowa ba. Duk zamanmu kalma ɗaya na san shi da ita, ƙyas, ita ma sai an taɓa shi.

Kashegarin zuwansa na kai shi gaban Malam Dauda, wanda muke ɗaukar karatu a zaurensa. Malam ya juya shi da bakin sanda kamar mushe, ya ce duk wanda ya yi surar mai rai, ranar alƙiyama za a tsayar da shi a ce ya hura mata rai. Na ce, to itace fa, Allah gafarta Malam? Ya ce itace babu laifi. Ya ƙara da cewa ko surar mai rai ce, in an cire kan ta halatta. Ni kuwa ba na wasa da lahira, sai na haɗa biyun: itace, kuma wanda aka riga aka sare wa kai. Tun daga ranar marigayi bai ƙara ɗaga ido ya kalli wani abu ba sai kututture.

To amma ina itace a Makka, balle kututturensa? Sai can bayan Ɗa'if, kan dutsen Shafa, inda nake sarin gawayi wurin Larabawan dutse. Can ne gajimare ke saukowa ya kwanta cikin dajin itacen ar'ar, raɓa ta jiƙa komai, gansakuka ta lulluɓe guntayen da masu ƙona gawayi suka bari. Rabinsu ma buhunan gawayina ne suka mai da su haka, shi ya sa nake ganin ziyara haƙƙinsu ce. Nan marigayi ya yi wa duniya hidima. Mukan kwanta rub da ciki a laima muna jiran rana ta kwanto ta gefe. In gansakukar ta bushe, in guntsi ruwan gora in fesa mata. In ƙadangare ya hau, mu dakata ya sauka. Jakina kuwa sai an ɗaure shi can nesa, don shegen shiga hoto gare shi.

Masu hassada sun ce aikin banza ne, tunda marigayi fari da baƙi kaɗai yake gani. Gaskiya ne in na wanke hotunan a ɗakin gawayi na fito da su, maƙwabta kan taru su ga koren da nake ba su labari, sai su tarar da toka-toka. Nakan rantse musu da Allah kore ne shar. Matata Saudatu ta ce wai na hau dutse na sauko da hoton gawayin da bai kai ga ƙonewa ba. Na yafe mata, marigayi ma na tabbata ya yafe.

Babbar jarrabawar da ya gamu da ita a cikin gida take. Mahaifiyata, Inna Asiya, da ƙafa ta taho da mu daga ƙasar Kano. A Mai Wurno ta Sudan muka bar yayata Hajara, aure ya tsayar da ita, ba su sake haɗa ido ba tun ina ɗan saurayi. Duk shekara Hajara kan aiko saƙo ta bakin alhazai, magana ɗaya ce ba ta canzawa: ta ji ƙanenta ya sami akwatin hoto, a taimaka a aiko mata da fuskar Inna ta gani kafin ɗayansu ta kwanta dama. Akwai masu hoto a Jidda, amma Inna ta ce ba ta buɗe fuskarta gaban ƙato ba tun tana amarya, ba za ta fara da furfura ba. Ɗanta ne kaɗai zai ɗauke ta, ko a bari.

Ta roƙa da lallami, ta roƙa da faɗa. Takan ce, “Ya waladi, ɗana, ni ma ai na kusa zama kututturen, ka ɗauka mana.” Ni kuma in karanto mata maganar Malam, da bayanin cire kai, har ta ce to in zo in sare nata in hakan zai sa ta halatta. Marigayi bai girgiza ba. Duk ƙarshen hajji nakan zaɓi hoton kututture mafi kyau in aika wa Hajara. Har yau ba ta aiko da godiya ba.

Sau ɗaya tak aka taɓa kama shi da saɓo, shi ma ba da gangan ba. Bazarar bara tari ya matsa wa Inna, na tafi da ita Shafa ta sha iska mai sanyi. Hawa ya gajiyar da ita, ta nemi wuri ta zauna, ashe a kan wani dattijon kututture ne da na daɗe ina fako, ga rana ta kwanto daidai. Na ce, “Inna, ki ɗan gusa, kin shiga hoto.” Ta dube ni, ta dafa kututturen ta yunƙura. Ni kuwa gaggawar kada rana ta wuce ta sa na danna. Ƙyas! Da na wanke sai ga hannunta a gefen hagu, da tsohon zoben da ta taho da shi daga Kano, bai gama ɗaguwa ba. Haushi ya kama ni, na ce an ɓata mini hoto, na jefa shi ƙasan adaka.

Bana bayan ƙaramar salla Malam Dauda ya tashi tafiya Masar neman maganin ido. Ya dawo daga Jidda yana nuna wa mutane takardar tafiyarsa, ga hotonsa a ciki ɓaro-ɓaro, da kansa da gemunsa da rawaninsa, ba abin da aka cire. Na ce, Malam, yaya haka? Ya ce lalura ce, ya akhi, ɗan'uwana, lalura tana halatta abin da aka hana. Wallahi da ba don girman karatu ba, da na faɗa masa magana a zauren nan. Ashe akwai ƙofa, ba a nuna mini ba sai da mai makulli ya so wucewa.

Na dawo gida na ce wa Inna ta shirya. Lokacin tarin ya ci jikinta, sai da Saudatu ta tallafe ta zuwa soro. Ta sa kwalli, ta ɗaura zanen saƙin da ta taho da shi daga gida, ta zauna kan darduma ta miƙe wuya. Ta ce in yi maza, murmushin wuya yake ba ta. Na saita. Na danna. Sai marigayi ya ce ƙirrr, ya yi shiru. Na sake dannawa, na hura, na jijjiga, na yi salati. Idonsa ya rufe bai ƙara buɗewa ba. Shi dai a kan aƙidarsa ya mutu, bai ga fuskar mace ba. Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta ce, “Kalas, shi ke nan, ka tarbiyyantar da shi da kyau.”

Mai gyaran agogon da na kai wa ya ce ƙurar gawayi ce da laimar dutse suka cinye masa hanji, sai an aiko da wani ƙarfe daga Masar. Ƙarfen bai iso ba. Inna ba ta jira shi ba, mun kai ta maƙabartar Ma'ala kafin alhazai su hau Arfa. Tata sanarwar na kasa rubutawa, na zauna sau da yawa alƙalami ya ƙi tafiya. Wannan ce ta yarda ta fito.

Marigayi ya bar jakar fata guda, da igiyar rataya, da adaka cike da kututturai marayu, kowanne da kamanninsa, babu wanda na manta inda yake. Ya bar ni da kewar da ban san inda zan ajiye ta ba.

Za a naɗe shi cikin tsumma ranar Alhamis bayan la'asar, a ɗora shi kan jakin nan da ya sha korarsa, a haura da shi Shafa a binne gindin dattijon kututturen. Ba wanka, tunda laima ce ajalinsa. Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar shagona, akwai gahawa da dabino. Malam Dauda na iya zuwa, amma kada a ba shi addu'a.

Sai roƙo ɗaya. Duk alhajin da zai koma ta Mai Wurno, don Allah ya biyo ta wurina ya karɓi hoto guda ya kai wa Hajara. Na san za ta ce wani kututturen ne kuma. A ce mata kada ta yar, ta duba gefen hagu. Za ta gane zoben.