Ni da Talatu a Layin Duba Farce

Har in mutu ba zan taɓa mantawa da ranar da na zama mutum biyu ba.

Ni mutuniyar wani ƙauye ce kusa da Dauran. Da aka tashe mu, aka kashe maigidana, sai na taho Ƙaura da yara. Ban yi boko ba. Girki na iya, don haka na kama aiki wurin wata Hajiya mai karɓar kwangilar abincin taro. Yau Ƙaura, gobe Shinkafi, wani satin Zurmi, mu da tukwane a bayan a-kori-kura, kowa na addu'ar hanya. Ba ma ci sai baƙi sun ƙoshi. Rabonmu ƙanzo, kuma da ƙanzon nan yarana ke kwana.

Hannuna na dama yana da tabo. Tafasasshen mai ne ya zubo mini a Shinkafi, fatar ta tattare daga yatsu har wuyan hannu. (Hajiya sai da ta tambaya ko man ya yi saura, sannan ta ce sannu.)

Aka ba ta kwangilar ciyar da malaman makaranta a wani taron bita a Ƙaura. Don ta samu aikin, ta faɗa wa masu taron tana da ma'aikata ninkin waɗanda take da su. Su kuma suka turo wata duba-gari ta gan mu, ta duba farcenmu da tsaftarmu.

Hajiya ta tara mu gaban murhu. "Wadda an ka duba, ta zagaya baya, ta sake hijabi, ta dawo layi da wani suna. Ke, in kin dawo, Talatu sunanki."

"Hajiya, hannuna hwa?"

"Ɓoye shi cikin hijabi, ki miƙa na hagu. Ko ba ki son aikin?"

Ina so. Na shiga layi.

Zagayen farko lafiya. Duba-gari, wata dattijuwa mai tabarau, ta juya hannuna, ta ce, "Sannu baiwar Allah, kin sha wuta." Na ruga baya, na zura shuɗin hijabin da Hajiya ta ba ni kan farin nawa don ba lokacin cirewa. Na dawo ina ɗingishi. (Ba wanda ya ce in yi ɗingishi. Ni na ga ya dace da Talatu.)

A lokacin duba-garin ta gaji, duk hannun da aka miƙa mata shi take dubawa. Na hagu kawai zan ba ta in wuce. To amma ni tun ina ƙarama, in na miƙa wa babba hagu, muciya nake sha a gida. Tana miƙo hannunta, na damana ya fito da kansa.

Ta riƙe shi. Ta ɗago tabarau.

"Mi sunanki?"

"Talatu, Malama."

"Talatu, ke da ta ɗazu, kasko guda ya ƙone ku?"

Ta ɗaga bakin shuɗin hijabi, ga fari a ƙasa. Malaman da ke leƙowa ta taga suka fashe da dariya. Wani ya ce, "Kai! Har ɗingishin ya warke!" Na duba ƙafata. Ta miƙe sarai.

Na juya wurin Hajiya. Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Malama, kin ga halin mutanen ga? Don ta kwashi ƙanzo kashi biyu ta yi haka. Ni ban sani ba."

Waɗanda ke bayana a layi sun riga sun sulale sun tuɓe nasu hijaban na biyu. Ban ga laifinsu ba, su ma da yara. Hajiya ta ce sauran ma'aikatanta sun tafi cefane, aka bar mata kwangilarta. Ni kuwa a gaban jama'a ta karɓe shuɗin hijabinta, ta nuna mini ƙofa.

Na isa gida da kwano wayam. Autata ta buɗe, ta rufe.

Yanzu wanke-wanke nake a gidajen mutane, in an samu. Har yau in na ratsa kasuwa akwai mai kiran "Talatu!" kuma nakan waiwaya.

Abin da na koya ba yawa. In mai kwangila ta ce ki zama mutum biyu, ku biyun za a kora. Talatu dai ta huta, ita ba ta da yara.