Rigar Motar Kumandan

Har gobe ban yarda na yi ganganci ba. Da kumandan ya ce in nemo abin da zai kare farar motarsa daga rana, kwana uku ina bincike, don ina tsoron rasa aikina na ofis. Na ƙi zana saboda awaki. Na zaɓi jan tantin fata na wani makiyayin garin Korahane, na auna shi har sau biyu, muka lulluɓe motar da shi.

Wa ya gaya mini da man shanu da jar ƙasa ake shafe shi? Da azahar muka yaye, mota ta fito jawur, tana maiƙo, ƙudaje sun yanyame ta.

Direba ya ce, "Malam, kilishi ka yi mana?"

Aka mayar da ni sharar fili. Har yanzu mahautan Dakoro na tambayata nawa ne cinyar mota.