Kurar da Kuka Saka a Ɗakin 'Yata

Zuwa ga Mai Girma, Mai Daraja, Shugaban Sashen Fassara na Kamfanin Harshe Ɗaya, wanda ba mu taɓa gani ba amma kullum yana cikin aljihunmu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da tambayar lafiyarka da ta injinanka, ina roƙon alfarma tun kafin in fara: kada a miƙa wannan wasiƙa ga tafintan manhajarku. A samo mutum mai numfashi ya karanta maka.

Ni kafinta ne, kuma 'ya ɗaya tak Allah ya ba ni. Tana da shekara huɗu muka rabu da mahaifiyarta, ta tafi da ita wata ƙasa mai nisa. Yarinya ta tashi da harshen can, Hausa kuwa ko "zo in kashe ki" ba ta ji. Yanzu shekararta ashirin da shida, ma'aikaciyar jinya ce. Bana ta nemo lambata, ta ce za ta sami hutu, tana tunanin zuwa ta gan ni, amma ba ta gama yanke shawara ba. Zuwan nan nata shi ne abin da nake nema a duniya. Ana cikin haka kuka saka wa manhajarku tafinta mai fassara da kansa, kuka yi shelar cewa a kowace irin waya magana ɗaya yake yi. Na gode muku a lokacin. Ga yadda godiyar ta ƙare.

Na ɗaya. Na rubuta mata, "Ina jiranki nan da wata." Wata nake nufi, ranka ya daɗe, mai kwana talatin. Tafintanku ya sanar da ita cewa ina jiranta a nan tare da wata mace. 'Yata, da yake mai ladabi ce, ta taya ni murna, ta tambayi lambar takalmin matar don ta yo mata tsaraba. Mahaifiyarta kuma, wadda rabona da jin ɗuriyarta shekara ashirin da biyu, ta aiko da saƙo, kuma wannan kaɗai ya iso daidai ba gyara: "Ai na san hali." Ina tambaya cikin girmamawa, matar da kuka aura mini tana ina? Don har yanzu ni nake wanke kwanona.

Na biyu. Na ce mata ina cikin farin ciki. Aka gaya mata cikina ya yi fari. Ta aiko da tambayoyi goma sha huɗu, ta umarce ni in ɗaga riga in ɗauki hoto kusa da taga. Na ɗauka. Ya zan yi? Umarnin farko ke nan da 'yata ta taɓa ba ni.

Na uku, kuma nan ne garin neman gira aka kusa rasa ido. Na gyara mata ɗakin baya, na haɗa mata gado da hannuna, na goge katakon har ya yi santsi kamar tafin jariri. Na rubuta cewa na share ƙura daga ɗakinta. To, wayata ƙarama ce mai fasasshiyar fuska, ba ta da haruffa masu ƙugiya. Sai tafintanku, mai hangen nesa, ya shaida mata na kori kura daga ɗakin da za ta kwana. Ta tambaya ko guda nawa ne, kuma ko suna dawowa.

Na ruga wurin maƙwabcina mai kemis, wanda ya yi karatu a can yana jin harshen, muka gwada alƙawarinku na magana ɗaya a kowace waya. A tawa kura ce. A tasa mai tsada kura biyu ne, ina jin saboda kuɗinta. A babbar wayar matarsa kuwa tafinta bai fassara komai ba, sai ya nemi mu ba shi taurari biyar. Mai kemis ya cire tabarau ya goge hawayen dariya, ya ce, "Maƙwabci, ka gode Allah ba ka ce mata za ka kashe fitila ba."

Na huɗu. Ita ma ba ku bar ta ba. Saƙonta ya iso mini cewa, "Na kuskure ka shekara da shekaru, amma wannan karon ba zan kuskure ba." Na wuni ina aiki a bayan wata kabad da ban gama ba. Daga baya mai kemis ya warware mini cewa kewata take nufi. Shin a kamfaninku ba a bambanta mai kewa da maharbi?

Bayan maganar kura, 'yata ta yi shiru kwana tara. Ba zan ɓoye maka ba, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Na yanka katako uku ba bisa awo ba, ni da nake auna sau biyu kafin in ɗora zarto. Na riga na rasa yarinyar nan sau ɗaya da laifina, ban ga dalilin da zan sake rasa ta da laifin wayar da nake cajawa da hannuna ba.

Na biyar. Jiya da hantsi saƙo ya shigo. Ga abin da tafintanku ya nuna mini: "Tsohuwa, a ina ake zuwa?" Na zauna a kan benci. Garin goge garin katako daga fuskar wayar, yatsana ya danne saƙon, sai wani ɗan rubutu da kuka ɓoye ya fito, wai "Nuna na asali". Na taɓa. Ashe da Hausa ta rubuta. Kwana taran nan koyo take yi, kalma uku ta haɗa da kanta, tafintanku ya ɗauka wani harshe ne ya fassara mini Hausa zuwa Hausa. Abin da ta rubuta shi ne, "Baba, ina zuwa."

Shekara ashirin da biyu nake jiran in ji ta kira ni da wannan suna, kuka mayar da ni tsohuwa.

Saboda haka ba na neman diyya, ba na neman a kori kowa. Ku riƙe matar da kuka aura mini, ku riƙe kurayen. Roƙona kawai ku koya wa tafintanku abin da kowane yaro mai tarbiyya ya sani: idan 'ya na magana da ubanta, ana ja baya.

Ranar da za ta sauka zan kashe wayar. Ina roƙon kada a fassara wannan, kada a kira 'yan sanda. Za mu zauna a bencin ƙofar shago, ita da kalmominta uku, ni da shayi kofi biyu, mu ga iya inda za su kai mu.

Allah ya ƙara wa injinanku basira, ya kare sauran iyaye daga taimakonku.

Naka mai biyayya har kullum, a kowace irin waya,

Mai Zarto,
Kafinta, uban 'ya ɗaya, mara kura.