Sanarwar Rasuwar Gida Mai Lamba Arba'in da Uku, Wanda Siminti Ya Shaƙe

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da ɗan guntun haƙurin da ya rage mini, ni Yeoh Gaik Lean nake sanar da rasuwar gidan da aka haife ni a cikinsa, a tsohon garin George Town da ke Penang. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara ɗari da talatin da ɗaya.

Marigayin dogo ne siriri. Faɗinsa taku shida, amma sai ka ratsa ɗaki biyar kafin ka kai kicin. Kakana ne ya gina shi, shago a ƙasa, iyali a bene. Bai taɓa neman fanka ba, domin an bar masa tsakar gida a buɗe, iska ta sauko, ruwan sama ya zuba kan dutse. Bangonsa shafen farar ƙasa ne, ya tsotsi danshi ya fesar. Matakalarsa ta uku kan ce "ƙiii" ga duk wanda ya taka ta, babba da yaro, ba ta san sanayya ba.

Cutar ajali ta same shi ne a hannun ɗan ƙanena, Chin Aik, mai digiri har biyu. Shi ya rufe tsakar gidan da kwano don ya ƙara ɗakunan baƙi, ya kankare farar ƙasar ya lafta siminti, wai ya fi ƙwari. Na gaya masa gidan nan numfashi yake yi. Ya tuntsire da dariya ya ce, "Gwaggo, bulo ne fa, ba huhu ba." To, ga shi nan. Danshi ya rasa mafita ya haye katako, gara ta biyo baya, damina shida kacal benen ya rufto. Masanin namu na tsaye riƙe da waya, yana neman wanda zai ɗora wa laifi.

Marigayin ya bar ƙofa mai sassaƙa, wadda yanzu take ado a wani otal. Ya bar allunan sunayen kakanninmu, suna cikin kwali ƙarƙashin gadona a hawa na goma sha huɗu na dogon benen da nake zaune yanzu, inda aka hana kunna musu turaren girmamawa. Ya kuma bar ni, shekara saba'in da tara, ba ni da inda zan koma, kuma ban yafe ba.

Za a kwashe gawar ranar Asabar da ƙarfe tara. Fuskar gidan kaɗai za a bari tsaye, tunda doka ta hana taɓa ta. Za a shafa mata fenti ruwan hoda, a riƙa sayar da kofi a bayanta. Chin Aik ya roƙe ni in zauna bakin ƙofa ranar buɗewa, sanye da kayan gargajiya saboda masu ɗaukar hoto. Na amsa masa. Zan zo da baƙaƙen kayan da na sa ranar binne ubansa, duk wanda ya tambaye ni wa ya mutu, zan nuna masa wanda ya yi kisan.